Kawu da Gwiwar Mai Lamba Tara

Daga Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma. Kawu, yayan innata, ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidansa na bayan tsohuwar tasha a Ƙonni, bayan jinyar da ta kama shi tun farkon damina har aka fara girbin hatsi. An yi masa sutura bayan azahar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kwana uku na yi a tabarmar gaisuwa a ƙofar gida, kuma na ga kuka iri-iri. Tsofaffin 'yan wasan da ya horar sun zo a kan kabu-kabu, biyu-biyu, wasu daga Malbaza, wasu daga Bazaga, duk sun yi tumbi da furfura. Suka yi addu'a, suka zauna, ba wanda ya ƙara komai a kan "ya haƙuri". Wanda ya tsare mana raga shekara tara ya zauna yana ta murza hularsa har aka kira la'asar, sannan ya tashi ya tafi.

Akwai kuma wani dogo mai ɗingishi da ya iso daga Badagishiri tun kafin a fito da gawa. Bai zauna a tabarma ba. Ya kama makara tun daga ƙofa, kuma duk wanda ya zo ya karɓe shi sai ya girgiza kai, har maƙabarta. Shi ne wanda garin nan ya taɓa kira Mai Lamba Tara.

A rana ta biyu sai ga mutanen buro, wato shugabannin kulob ɗin ƙwallon garinmu, mota biyu. Babbansu, perezidan, shi ne a gaba, babbar riga tana ƙamshi har layi na gaba, wani na biye da shi riƙe da waya yana ɗaukar hoto. Tun bai cire takalmi ba ya fara:

"Mun yi rashin uba! Wallahi balon Ƙonni ya zama maraya!"

Balo dai shi ne ƙwallo a bakin mutanenmu. Ya ciro hankici ya rufe ido, ya jira mai waya ya zagayo ta gabansa, sannan ya sake cewa maraya. Mataimakinsa, wanda ke fiton kaya a dwan, wato kwastan, ya ce shi dai bai taɓa saɓa wa marigayi ba ko sau ɗaya. Na dube shi, ya dube ni, sai ya mayar da idonsa kan tabarma. Dogon nan mai ɗingishi kuwa, da ganin motocinsu ya tashi ya tsallaka masallaci. Perezidan ya bi shi da kallo, ya tambaye ni, "Wane na wancan?" Ko gane shi bai yi ba.

Da na shiga cikin gida innata ta ce, "Wa ke wannan ihu waje?"

Na ce, "Perezidan na, Inna."

Ta ja tsaki irin na gidansu, ta ce, "Shi da ya kore shi? A ba shi ruwa, kar maƙoshi ya bushe mishi."

Kafin addu'ar bakwai hoton nan ya zagaye wayoyin gari, kuma a ciki perezidan yana cewa kawu ya ajiye aiki ne don kansa, cikin girma, saboda tsufa. Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan. Ni ne sakataren buro a lokacin, na san yadda kawu ya bar fili, na kuma san hannun da ya rubuta takardar.

Ba zan ce kawu mutum ne mai daɗin zama ba. Tela ne, rumfarsa a bakin kasuwa, da keken ɗinki biyu na ƙafa. Da la'asar sai ya rufe rumfa ya nufi fili. Fiye da shekara ashirin ya yi yana horar da ekip ɗin garinmu, tun ana buga ƙwallo ba takalmi har aka kai ga lasisi da kwantiragi da ɗan albashi. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, bai kuma taɓa rataya usur ba. Tsaki ne usur ɗinsa, kuma ana jinsa daga wancan raga. Ba ya zama a benci. Can kusa da tutar kwana yake tsugunawa, aswaki a baki. Ba ya kiran ɗan wasa da sunansa sai da sunan garinsu.

"Bazaga! Mi kake nema can? Akuyarku ta ɓace?"

In wani ya faɗi yana birgima don alƙali ya gani, sai ya ce, "Ku bar shi, barci yake ji." Yabo kuwa ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba. Iyakarsa, in an yi abin da ya burge shi, ya cire aswaki daga baki ya riƙe a hannu. Akwai waɗanda suka buga masa shekara biyar ba su ga an cire musu aswakin nan ba.

Ni ma na buga masa, a baya, damina biyu. Rannan ya biyo ni har gida ya ce wa innata, a gabana, "Wannan a dage mishi da lakwal. Ƙahwarshi ta mutanen buro ta." Tun daga ranar yake ce mini Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal a wurinmu, shekaru kafin in zama ɗayansu a Malbaza. Da shugabannin kulob suka rasa mai rubuta musu Faransanci suka ɗauke ni sakatare, na je na gaya masa da murnata. Bai ɗago daga keke ba ya ce, "Madalla, ka samu wurin da ba a gudu."

Amma duk salla ƙarama, 'yan wasan da ba su da uba sai sun sa sabon kaya. In mutum ya buɗe baki zai yi godiya sai ya tare shi: "Ragowar yadi ta, da zubar da ita za ni yi." Duk Ƙonni ba wanda ya taɓa ganin ragowar yadi mai isar riga da wando da hula sai a rumfarsa.

Rigimar da ta raba shi da kulob ta faru ne a shekarar da muka sa rai za mu fita daga gasar jihar Tawa mu hau rukuni na biyu na ƙasa. Baya muna da ita, tsakiya muna da ita, amma mai ci mana ƙwallo ya tattara ya tafi haƙar zinariya arewa, ya bar mu ba kowa a gaba. Ana saura sati biyu a fara gasa sai perezidan ya zo da labari. Akwai ɗan wasan gaba, haifaffen ƙasar Illela ta jihar Tawa, ya buga a Najeriya, ya buga a Yamai, har ya ƙetara hamada ya buga a wata ƙasar Larabawa. Yanzu ya dawo gida, ba shi da kulob, ba mai riƙe da takardarsa. Duk wanda ya so sai ya ɗauka.

Aka kira shi gwaji. Ya zo da fenti a gashi da abin jin kiɗa a kunne, amma ya gaishe da kowa har ƙasa. Minti kaɗan ya buga, ya ci biyu, ɗaya da ka ɗaya da hagu. 'Yan kallo suka yi ta ihu. Kawu na tsugune a kwana, aswaki a baki. Da aka tashi aka yi sallar la'asar a gefen fili, sannan muka wuce zauren perezidan don yanke shawara.

Perezidan ya fara da ajiye wayarsa a tsakiyar tabarma, ya kunna mana hoton ƙwallayen da mutumin ya ci a ƙasashen waje. Ya ce, "Kun gani? Kuma kyauta na fa! Ba kulob ɗin da za mu ba ko dala. Ɗaki da babur da albashi, shi ke nan."

Mataimaki ya ce sunansa kaɗai zai cika fili, kuma samarinmu za su koyi abu a wurinsa. Wani ya ce in ba mu ɗauka yau ba gobe 'yan Malbaza za su ɗauka, mu zo muna cizon yatsa. Ba duka maganarsu ce banza ba, don gaskiya ba mu da kowa a gaba. Sai aka juya wajen kawu, don a al'ada koci yana da baki a zaman ko da yake ba ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Wanda ke cikin wayar ga ya hi wanda munka gani yau ƙuruciya da shekara biyar. Lasisin da ya kawo kuma na ƙanenshi na. Wannan duk ba komi. Gwiwar dama ta ba shi da ita."

Perezidan ya ce, "Ka ga ya yi ɗingishi?"

"A'a. Sallarshi na gani. Zaman tahiya ya miƙe ƙahwar dama gehe kamar ba tashi ba. Da za shi tashi daga sujada sai da ya dahwa ƙasa da hannu biyu ya aza nauyi bisa hagu."

Mataimaki ya yi dariya ya ce, "To kai salla kake ko kallon mutane?"

"Na sallame tawa. Shi ya makara, shina cika tashi. Kai kuma lokacin kana bisa waya."

Kawu ya ci gaba: "Shekara guda da rabi mutumen ga shina zaune. Yamai ba su gan shi ba? Sakkwato ba su gan shi ba? Ku kaɗai Allah ya ba ido? In kun matsu, ku ɗauke shi, amma a kai shi a ɗauki hoton gwiwa, a ba ni shi wata huɗu ba wasa."

Perezidan ya ce, "Wata huɗu? Gasa sati biyu ta rage! Mu ciyar da mutum shina zaune? Kai dai tsuhwa ya kama ka, ba ka son wanda ya hi ka ganin duniya."

Mu bakwai ne masu ɗaga hannu. Hannu shida suka tashi tun perezidan bai rufe baki ba, don a cikin masu su akwai mai haya a shagonsa, akwai surukinsa, akwai mai jiran ya kai shi Makka. Saura ni. Ko ban ɗaga ba magana ta riga ta ƙare, kuma na san haka. Ba ni da haya a shagon kowa, ba kuma wanda ya yi mini alkawarin komai. Na ɗaga ne don na gaji da tsakin kawu, ina so ko sau ɗaya a rayuwata in ga ya yi kuskure a gaban mutane. Ba ni da wani dalili da ya fi wannan kyau, na kuwa nema.

Kawu ya dubi hannuna ya daɗe, sannan ya ce, "Mushe, sauke, na gani. Kar ya yi maka tsami." Ya tashi ya sa takalminsa.

Aka sa hannu a kwantiragi, aka ba mutumin riga mai lamba tara. Kawu bai yi yaji ba, ya ci gaba da zuwa fili. Abin da ya yi shi ne, ba ya sa shi sai saura minti ashirin a tashi. A wasan farko ya shiga ya ci. A na biyu, da wata ekip daga Malbaza, ya karɓi ƙwallo da ƙirji yana ba raga baya, ya juya bai bari ta taɓa ƙasa ba, ya zuba ta a kusurwa. Ina kallon kawu a lokacin. Ya cire aswaki, kuma bai mayar ba har aka tashi.

Amma gari ya ɗauki zafi. Kowa na cewa ga zinariya tsoho ya ajiye a benci don hassada. A wasa na uku muna neman ci, 'yan kallo na ta kiran lamba tara tun kafin hutu, kawu ya ƙi ko waiwayawa. Aka fara jifarsa da ledar ruwa. Ɗaya ta fashe a bayansa ta jiƙa masa riga. Bai tashi daga tsugunen ba. Muka yi kunnen doki, kuma washegari buro ya zauna ba tare da shi ba.

Ni aka sa na rubuta takardar sallama, kuma ni aka ba in kai, wai don ɗan gida ne ni, zai fi jin sauƙi. Na same shi a rumfa da hantsi yana ɗinka wani kaftani. Na miƙa masa. Ya ce, "Ka san ban yi lakwal ba. Karanta."

Na ce, "Kawu, sallama ta dai, ba sai..."

"Karanta. Da Hwaransancin, sannan ka juya mini."

Na karanta a tsaye, tela na rumfar kusa da mai sayar da goro suna ji. Buro na gode masa bisa doguwar hidima, buro na la'akari da shekarunsa, buro na yi masa fatan hutu. Da na kai ƙarshe ya ce, "Sake wurin godiyar ga, ban ji da kyau ba." Na sake. Ya karɓi takardar, ya juya ta, ya shafa ya ce tana da kauri. Sai ya ɗauki almakashi ya yanke ta siffar aljihu, ya aza a kan yadi ya zana da alli. Ya ce, "Dama ina neman ta gwada aljihu. Ka gaishe su."

Aka kawo sabon koci, ƙanen surukin perezidan, wanda ya taɓa yin horon sati guda a Yamai kuma yana da usur har biyu. Ya sa Mai Lamba Tara minti casa'in kowane wasa. Kafin a shiga fili sai a yi masa allurar kashe zafi a bayan mota. Dole in faɗi gaskiya: wata guda cur kamar kawu ne ya yi kuskure. Mutumin ya yi ta ci, muka hau saman tebur, fili ya cika har kan katanga. Samari na wucewa ta gaban rumfar kawu a kan babur suna danna oda suna kiran lamba tara. Perezidan ya ce a gaban mutane ashe tela bai san komai ba sai wando. Ni ma na yi dariya a wurin. Abin da nake so in gani ke nan, kuma na gani, sai dai ban iya zuwa gaishe da innata ba duk watan.

A Illela abin ya faru, a filin nan mai tauri kamar daɓe, a gaban danginsa da suka zo kallo daga ƙauye. Ba wanda ya taɓa shi. Ya juya zai bi ƙwallo, ƙafar ta tsaya, jikin ya wuce. Mu da ke bakin layi mun ji ƙarar. Bai yi birgima ba, ya kwanta kawai ya rufe fuska da riga.

Kwana uku bayan haka buro ya zauna. Bakin da ya ce kyauta na fa, shi ne ya ce, "Mutumen ga ya yaudare mu. Ya san ba shi da lahiya ya ɓoye." Mataimaki ya ce shi dama tun ranar gwaji jikinsa ya ba shi. Aka yanke a soke kwantiragi, a karɓi babur, a ba shi sati guda ya bar ɗaki. Ba wanda ya ambaci asibiti. Ina so in ce a nan na tashi na jefar da biro, amma ban tashi ba. Na rubuta wannan ma.

Da na je ɗakin da takarda a hannu na tarar a buɗe, ba kowa, ba ko tabarma. Maƙwabciyarsa ta ce wani tsoho mai faɗa ya zo da amalanken jaki tun da safe ya kwashe shi da jakarsa.

Na same su a zauren kawu. Mai Lamba Tara na kwance, ƙafar ta kumbura ta yi biyun 'yar'uwarta, matar kawu ta ajiye masa fura. Kawu na zaune a kujera yana yi masa faɗa, bai ko amsa sallamata ba.

"Kai wawa na. Ka san gwiwarka, ka hi kowa saninta. Ka bari sunka soka maka allura kamar doki."

Mutumin ya ce, "Baba, ina da ɗiya biyu da tsohuwa. Shekara guda da rabi ban kai komi gida ba. In na ce ba ni da lahiya, wa za shi ɗauke ni?"

"Na sani. Shi ya sa ban ce maka maƙaryaci ba, wawa na ce. Sha hurarka."

Sai ya juyo ya ga takardar a hannuna. Ya ce, "Wata ta? Aje can, ba ni da ɗinkin aljihu yau."

Shi ya kai shi asibiti aka ɗauki hoton da ya ce a ɗauka tun farko. Likita ya ce jijiya ta tsinke, tafiya zai yi, amma ƙwallo ta ƙare. Wata bakwai mutumin ya yi a zauren nan. Da ya fara takawa sai kawu ya kai shi rumfa ya zaunar da shi a keke na biyu, ya ce taka keke zai saki gwiwar. Sati biyu yana taka keke ba zare. Daga nan aka sa zare, aka ba shi tsumma, sannan wandon yara. Zagi kuwa bai tsaya ba ko rana ɗaya.

"Illela! Wannan ɗinki na ko hanyar shanu? Warware."

Ya yi ta warwarewa. Shekara biyu ya yi a rumfar, gashin nan mai fenti ya koma baƙi. Ranar da zai koma wajen iyalinsa, kawu ya sa aka aza keke na biyu a kan mota mai zuwa Badagishiri. Da mutumin ya durƙusa zai yi magana, kawu ya ce, "Tashi, gwiwar ba ta son haka. Keken ya tsuhwa, wuri yake tare mini." Yau yana da rumfarsa a kasuwar can, kuma ranar kasuwa sai ka yi layi.

Kulob kuwa bai hau ko'ina ba. Bayan Illela ba mu sake cin wasan kirki ba, mai usur biyu ya koma sayar da kayan waya, perezidan ya mayar da hankalinsa wajen 'yan kokowa, inda ake kiran sunan mai kyauta da lasifika. Ni na bar buro a shekarar da ta biyo, ba don zuciya ba, sai don an ƙara mini aji a lakwal. Sau ɗaya suka aiko a roƙi kawu ya dawo. Mataimaki ne ya zo. Kawu ya ba shi wurin zama, ya bar shi ya gama dogon bayaninsa, sannan ya dubi rigarsa ya ce, "Wa ya ɗinka maka wannan? Wuyan ya karkace." Iyakar amsar da aka samu ke nan. Bai sake taka filin ba har ya bar duniya. In ana wasa ihu na isowa har rumfa, sai ya ƙara wa keke gudu.

Ni da shi muka ci gaba da gaisawa kamar yadda ɗa da kawu ke yi. Ina zuwa da salla, ina zuwa in an yi haihuwa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba, shekara shida.

Sai a jinyar nan, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na same shi shi kaɗai an fito da shi inuwar darbejiya a tsakar gida. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na daɗe ina juya maganar, sannan na ce, "Kawu, da kai kaɗai ke da iko ran nan, da ka ɗauke shi ko da ka bar shi?"

Ya san wa nake nufi. Ya ce, "Da na ɗauke shi mana."

Na ce, "Amma kai ka ce..."

"Na ce a ba ni wata huɗu. Kai ka rubuta abin da anka ce ran nan, ba ka ji ba?" Ya yi tari, ya huta. "Mushe, tun da nike ban ga mai taɓa balo kamar mutumen ga ba. Ban ga ba. Shekara ashirin ina tsugune ina jiran irinshi shi shigo hilin ga, sai ya zo mini da gwiwa guda. Da sun bar mini shi, minti ashirin-ashirin, da ya yi muna shekara ukku. Sunka cinye shi wata guda."

Ban taɓa jin ya yabi wani ba sai ranar, kuma idonsa na kan ganyen darbejiya, ba kaina ba. Na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan sake samun wuri ba. Na ce, "Kawu, ka yahe mini. Hannun da na ɗaga, da takardun ga biyu."

Ya juyo da kai a hankali ya dube ni, irin kallon da yake yi wa ɗinkin da ya karkace.

"Ɗan ƙanwata kake. Na yahe maka tun ran nan, tun ba ka hita zauren ba." Har na fara share ido. Sai ya ƙara: "Rainin da nike maka dai na bai hita ba. Shi kam ba ni da iko da shi. Miƙo mini ruwa."

Na miƙa masa, na tallafi kansa ya sha. Kwana goma sha biyu bayan haka ya cika.

Allah ya gafarta wa kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba matarsa da innata haƙuri. Mu da muka ɗaga hannu kuma, Allah ya ba mu kunya tun muna da rai.